Makullin Gidan da Aka Bari a Baya

A shekarar 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen da aka raba da muhallansu sun haura miliyan 100. Na karanta, na ce Allah sarki, na wuce. Adadi ba ya kwana a zuciya.

Amma hoton Alan Kurdi har yau yana idona. Yaron nan ɗan Siriya da teku ta turo gawarsa gaɓar Bodrum a Turkiyya a Satumban 2015: jar riga, gajeren wando, takalmansa a ƙafa, ya kifa fuska a rairayi kamar wanda barci ya kwashe. A farkon 2016 kuma Ai Weiwei, wani mai fasaha ɗan China, ya kwaso rigunan ceto 14,000 da 'yan gudun hijira suka bari a tsibirin Lesbos na Girka, ya lulluɓe ginshiƙan wani babban zauren kiɗa a Berlin. Kowace riga akwai ƙirjin da ta taɓa rufewa.

Ban raina waɗannan ayyuka ba, wallahi sun girgiza ni. Abin da ke damuna shi ne, suna haɗa mu da ɗan gudun hijira a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa. Mu ji tausayi, kwana biyu tausayin ya huce. Ba mu san yana da gona ba, ko maƙwabci, ko sana'ar da ake zuwa neman sa dominta.

Shi ya sa na fi yarda da abin da 'yan gudun hijira da kansu suka yi da hannunsu. Falasɗinawa da yawa da suka bar gidajensu a 1948 kulle ƙofa suka yi suka tafi da makullin, a zatonsu kwana kaɗan za su dawo. Makullin nan shi ake zanawa a bango har yau, akwai ma wani ƙato a saman ƙofar sansanin Aida kusa da Baitalami. Mai riƙe da makulli ba tausayi yake roƙo ba, cewa yake yi ina da gida.

Ga kuma surfanin rigunan matansu, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021. Da ganin adon ƙirjin riga ana gane yankin da mace ta fito. Sai ka ga yarinyar da aka haifa a sansani a Labanon ta duƙufa da allura da jan zare, tana ƙirga saƙar ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, tana fitar da adon ƙauyen kakarta, ƙauyen da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba.