Kafin a yanke wa sensa hukunci, a saurari shaidarta

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa. Shi ya sa duk mai mota a Bauchi ya koma lissafin kowace lita, kuma shi ya sa na ga ya dace in yi magana a kan wata ƙaramar na'ura da ke ɗaure a jikin salansa, wadda kanikawa ke kira sensar oksijin. Ra'ayina shi ne muna zaluntar na'urar nan ta hanya biyu: ko mu canza ta ba tare da ta yi laifi ba, ko mu toshe mata baki alhali gaskiya take faɗa.

Abin ya faru da ni ne a bara. Ina da Corolla 'yar Kwatano ƙirar 2004, wadda na san iyakar man da take sha daga Bauchi zuwa Jos da dawowa. Sai na lura man da ke kai ni ya dawo da ni ya fara gazawa, sannan fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod. Na kai ta wani gareji, aka jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito: P0171. Maigidan garejin ya dube ni ya ce, "Alhaji, sensa ce ta mutu, sai an canza." Aka kawo wata tsohuwa daga kasuwar kayan gyara, aka ɗaura, aka goge lambar, fitila ta mutu, na biya na tafi. Bayan kwana huɗu, ina daf da Toro, fitilar ta sake kamawa. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wanda ya gano matsalar wani matashi ne mai wayarin. Shi ma ya ga lambar, amma bai tsaya a kanta ba. Ya kwance filogi biyu ya nuna mini bakinsu, baƙi ƙirin da kunkunniya, ya ce, "Baba, lambar nan tana cewa mai ya yi kaɗan, filogi kuma yana cewa mai ya yi yawa. Dole akwai wanda ake yi wa ƙarya a tsakani." Ya bar injin ya yi zafi, ya buɗe shafin da ke nuna bayanai kai tsaye, muka ga kwamfutar motar tana ƙara mai da kashi 24 cikin ɗari a kan ƙa'ida. Ya taka totur da ƙarfi, layin sensar ya haura sama nan take, ya saki, ya faɗo ƙasa, wato lafiyarta lau. Daga nan ya haska tocila a inda bakin salansa ya haɗu da inji, ya nuna mini wani siririn zanen baƙi a gefen gasket, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar, wanda ya ƙone. Ta wannan kafa iskar waje ke kutsawa ta isa ga sensar, ita kuma ta kai rahoton abin da ta gani, kwamfuta ta yi ta tura mai ga injin da bai nema ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Domin a fahimci yadda haka ke faruwa, sai an san aikin na'urar. Injin fetur yana ƙona mai yadda ya kamata ne idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na fetur, bisa nauyi. Kwamfutar mota, wadda a gareji ake ce wa biren bokis, ba ta ganin abin da ke faruwa a cikin inji, don haka tana dogara da hayaƙin da ya fito. Bakin sensar an yi shi ne da wani irin tangaran mai suna zirkoniya, an shafe shi da filatinam, gefe ɗaya yana cikin hayaƙi, ɗaya gefen yana haɗe da iskar waje. Bambancin oksijin da ke tsakanin gefen biyu shi ke haifar da 'yar ƙaramar wuta, wadda ba ta kai bolt ɗaya ba. Idan ta sauko wajen 0.1, oksijin ya yi yawa a hayaƙi, sai kwamfuta ta ƙara mai. Idan ta haura wajen 0.9, mai ya yi yawa, sai ta rage. Haka za su yi ta kai da komowa a kewayen 0.45 muddin injin ya yi zafi yana aiki. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera wannan sensa, Volvo kuma ta fara sa ta a mota a 1976, don haka ba sabon abu ba ne, mu ne muka daɗe muna hannun kafireto.

Sai sensar ta kai zafin kusan digiri 300 take fara magana, shi ya sa masu waya uku ko huɗu ke da hita a ciki. Kafin ta yi zafi, kwamfuta tana aiki ne da lissafin da aka ajiye mata, wanda ya fi cin mai. Yanzu bari in koma ga abin da ya fi damuna game da kwamfutar gwaji. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin gano matsalar mota mai suna OBD-II, mai soket ɗin nan na baki 16 da ake jona kwamfutar gwaji, kuma yawancin motocin da ke yawo a titunanmu suna da shi. Amma lambar da take fitarwa tana nuna unguwar da matsala take ne, ba ta nuna gidan ba. P0135 tana nufin hanyar wutar hitar sensar farko, wadda ke kusa da inji, ta samu matsala, kuma wannan na iya zama fiyus, ko wayar da ta narke a jikin salansa, ko soket ɗin da ya yi tsatsa, abin da mita za ta tabbatar cikin minti biyar. P0171 kuwa, wadda ta ci mini kuɗi, ko sunan sensa ba ta ambata ba. Cewa take mai ya yi kaɗan, kuma tiyon iska da ya tsage, ko famfon mai da ya raunana, ko nozul da ya toshe, ko na'urar auna iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, duk suna iya kawo ta. Wadda ta fi nuna tsufan sensar kanta ita ce P0133, mai cewa ta yi nawa wajen amsawa. Ko ita ma sai an tambayi abin da ya kashe ta, domin injin da ke shan baƙin mai, ko wanda ruwan lagireto ke shiga cikinsa, ko gam ɗin silikon da bai dace ba da aka lafta a gasket, zai kashe sabuwa kamar yadda ya kashe tsohuwa.

Akwai kuma tarkon sayen wadda ba ta dace ba. Toyota da Honda da yawa na baya-bayan nan suna amfani da wani nau'in sensa daban a gurbin ta farko, mai auna haɗin iska da mai daidai wa daida, wanda a Toyota yake nuna kusan bolt 3.3 a kwamfuta. A ido kamarsu ɗaya da ta da, zaren ɗaurinsu ma kan zo ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban. Wanda ya yanke waya ya jona mai araha a gurbinta ya sayi matsala da kuɗinsa. Araha ba ta ado.

Zalunci na biyu ya fi muni, kuma mu masu mota ne kan gaba a cikinsa. Na san mutanen da suka sa aka cire ƙwan fitilar gargaɗin, ko aka liƙe ta da baƙin tef, don kada ta dame su ko don mai saye kada ya gani. Na san waɗanda suka bari aka fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, aka sayar da cikinta saboda filatinam da faladiyam da rodiyam da ke ciki, sannan suka yi mamakin ganin P0420, lambar da sensa ta biyu, wadda ke bayan tukunyar, take jawowa idan tacewa ta daina. Ga kuma al'adar cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da jona fanka kai tsaye da sunan zafin ƙasarmu, abin da ke hana inji kai zafinsa da wuri, ya sa kwamfuta ta daɗe tana zuba mai fiye da buƙata. Hayaƙin da ke fita daga irin waɗannan motoci shi 'yan talla da masu shaguna ke shaƙa a cunkoson Wunti da Muda Lawal, kuma wannan haƙƙi ne a wuyanmu.

Ba na ɗora wa kanikawanmu laifin duka. Dattijon da ya canza mini sensa ya ƙware a aikin inji, hannunsa na da kyau, sai dai ya koyi sana'a ne a zamanin Fijo 504, lokacin da kunne da sukundireba suka isa a daidaita mota. An sayar masa da kwamfuta ba a koya masa karanta ta ba. A garin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejojin fasaha, bai kamata ya gagara a shirya wa kanikawa da masu wayarin gajeren horo da Hausa ba, a cikin gareji, a kan mota mai rai, a koya musu karanta ƙarin mai da ragin mai da layin sensa. Ƙungiyoyinsu ne ya dace su nema, mu kuma mu yarda mu biya kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, domin muddin bakanike ba ya samun komai sai ya canza kaya, to canza kaya zai yi.

Matashin nan ya karɓi kuɗin awa ɗaya da ya ɓata yana awo, na kuma biya da daɗin rai. Da aka sa sabon gasket, na koma garejin farko na karɓo tsohuwar sensata daga cikin kwalin tarkace, ya mayar da ita gurbinta. Bayan mako guda muka sake jona kwamfuta, ƙarin man ya sauko daga kashi 24 zuwa 3, kuma ita ce a jikin motar har yau.