Rage gurɓatar ruwa daga gonaki ba sai da maƙudan kuɗi ba

Mutane da yawa a Kano suna ɗauka cewa ba za a hana taki gurɓata ruwa ba sai gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi, alhali ba haka ba ne. Masana kan yi lissafi da kwamfuta, su auna kuɗin kowace dabara da yawan takin da take hanawa zurarewa cikin rafi, kuma sau da yawa masu araha ne ke kan gaba. Idan mai lambu a bakin kogin Jakara ya watsa yuriya a saman ƙasa, wani kaso yakan bi iska, wani kuma ruwa ya kwashe. Binne ta kusa da gindin shuka da raba zubin gida biyu suna rage wannan asara, ba tare da sayen wani inji ba.