Rigimar 40.8 da 41.0: ina muka dosa, masoya lu'ulu'u?

Abin da ke faruwa tsakaninmu masu sha'awar lu'ulu'u yana damuna ƙwarai. Mutum zai kawo takardar dutsen da yake son saya, ya ce don Allah a duba masa yankan. Kafin ƙiftawa da bismilla an rabu gida biyu: waɗannan suna rantsuwa da HCA, manhajar da ke ba yankan dutse maki, waɗancan suna cewa in babu hoton ASET, wanda ke nuna da launuka ta inda haske ke shiga dutse, magana ta ƙare. Shi kuwa bawan Allah da ya yi tambayar an manta da shi, ya koma gefe yana zargin kansa ko tarkace ya zaɓo.

Mu tsaya mu ga me waɗannan kayan awo suke yi da gaske. HCA, wanda Garry Holloway ɗan Ostireliya ya ƙirƙiro, bai taɓa ganin dutsenka ba. Lambobi kake zuba masa: zurfin dutse, faɗin fuskar sama, kusurwar kambi (ɓangaren sama na dutsen) da kusurwar gindi (ɓangaren ƙasa mai tsini), shi kuma ya ba ka maki. In makin bai kai 2 ba, dutsen ya cancanci a ƙara dubawa. Iyakar aikinsa ke nan, tankaɗe, kuma mai shi ma haka ya gabatar da shi. Su kansu lambobin da ke kan takardar GIA, hukumar Amurka mai tantance duwatsu masu daraja, matsakaici ne na fuskoki takwas, sannan an daidaita su: kusurwar kambi zuwa rabin digiri, ta gindi zuwa 0.2. Dutsen da aka rubuta wa kusurwar gindinsa digiri 40.8 yana iya samun wata fuska a 40.6, wata a 41.0. To ta yaya manya biyu za su kwana suna ɓata wa juna rai a kan makin HCA 0.9 da 1.4, alhali ma'aunin bai kai wannan ƙanƙantar ba?

ASET ya fi kusa da gaskiya domin dutsen kansa ake kallo. Ja yana nuna hasken da ya shigo daga kusurwar digiri 45 zuwa 75, kore na ƙasa-ƙasa ne, shuɗi kuma na saman kai, inda kan mai kallo ke tare haske. Amma hoto aikin hannu ne. Dutse ya ɗan karkace kaɗan a gaban kyamara, sai ka ga wani farin tabo a gefe ɗaya, a yi ta ihun haske yana zurarewa. Wasu hotunan ma kwamfuta ce ta zana su daga awo.

Masu sukar GIA suna da gaskiyarsu, ba zan take ta ba. Tun da hukumar ta fara ba yanka daraja a 2006, matakinta na ƙoli yana da faɗi sosai, har dutse mai tsinin kambi da zurfin gindi yana shigewa, ka duba ƙarƙashin fuskar samansa ka ga zobe mai duhu. A nan waɗannan kayan suke da rana, kuma ina amfani da su. Inda na rabu da 'yan uwana shi ne mayar da lambobin da masanin yankan lu'ulu'u Marcel Tolkowsky ya fitar a 1919, wato kambi digiri 34.5 da gindi 40.75 da fuskar sama kashi 53, abin da ba a taɓawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna haɗi da yawa suna ba da kyau, muddin kambi da gindi sun dace da juna. Ko ɗakin gwajin AGS, ƙungiyar masu kayan ado ta Amurka, da ake kafa hujja da makinsa na sifili, wato darajarsa ta ƙoli, an rufe shi a ƙarshen 2022, GIA ta karɓi fasaharsa.

Ga abin da kusan ba wanda ke faɗa wa sabon shiga. Lu'ulu'u yana kama maiƙo. Mace ta sa zobe, ta shafa mai, ta wanke hannu da sabulu, cikin 'yan kwanaki gindin dutsen ya rufe da wani siririn hazo, walƙiyar ta dushe fiye da duk abin da digiri 0.2 zai jawo. Ruwan ɗumi da burushi mai laushi su dawo da ita. Sannan ido ba ɗaya ba ne: wani farin haske yake so, wani tartsatsin launuka. Tsofaffin yankan Turai masu manyan fuskoki ba za su burge HCA ba, amma akwai masu son su kamar rai, kuma ba wautar kowa ba ce.

Ni dai in aka kawo mini takarda, in duba lambobin in fitar da wanda matsalarsa a fili take, in nemi hoto in akwai. Daga nan sai in ce da mai shi ya tabbata mai sayarwa zai karɓi kayansa in bai yi masa ba, ya fita da dutsen daga ƙarƙashin fitilun kanti, ya gan shi a bakin taga, a inuwa, da cikin ɗaki da dare, tare da wadda za ta sa shi a yatsa.