Kuɗin gidauniya ba na rabo ba ne

To, an raba. Madalla. Kowace tsohuwa ta samu kwano biyu na shinkafa da ƙullin taliya da 'yar robar mai, an jera su a rana an ɗauki hoto, an watsa a Facebook, 'yan amshin shata sun cika wurin da "Allah ya ƙara girma". Ina taya kwamitin gidauniyar garinmu murna, ranku ya daɗe. Kuɗin da 'yan garin nan mazauna Kano da Kaduna da Legas suka haɗa a taron bayan Sallah yau babu ko sisi a asusu, kuma wai so ake mu tafa.

Ni dai ba zan tafa ba. Duk wanda ya je taron ya ga abin da aka yi wa tsohon malamin firamaren nan, da ya miƙe ya ce a ware ko rabin kuɗin ne a sayi shagunan bakin tasha da aka sa a kasuwa, a riƙa karɓar haya ana yi wa gari aiki da ita. Ko dire maganarsa ba a bari ya yi ba. Wani ya ɗaga murya daga baya ya ce mutane na kwana da yunwa shi yana zancen shago, aka bushe da dariya, mai gabatarwa ya karɓe lasifika, shi ke nan an gama shawara. Dattijo da furfurarsa, wanda yawancin masu dariyar shi ya koya musu rubuta sunansu.

Kuɗin gidauniya ba na rabo ba ne. Na faɗa, zan kuma maimaita har sai an cire ni daga zauren WhatsApp ɗin. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san akwai damin da ba a taɓawa a rumbu ko da gida zai kwana a kan kunu, domin shi ne iri. Maigidan da ya daka irinsa da bazara ba mai kiransa mai tausayi, ana dai jiran saukar ruwa a ga idonsa. Mu kuwa gari guda, kowace shekara sai mu tara iri, mu dafa, mu cinye a gaban kyamara, baɗi mu sake miƙa ƙoƙo ga mutanen nan dai da suka bayar a wancan karo.

Maganar yunwa kuma kada wanda ya koya mini ita. A nan nake kwana nake tashi, ba a Abuja ba. Na san gidajen da tun ambaliyar 2022 ba su dawo daidai ba, na san inda kwanon gero ya kai tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma shinkafar nan kwana nawa ta yi? Je ka tambayi duk wadda ta karɓa. Sannan ciyar da mai jin yunwa a yau yana da ƙofarsa da Allah ya buɗe, ita ce zakka. Suratut Tauba ta lissafa rukuni 8 da ake bai wa, faƙiri da miskini ne a kan gaba. Mai noman ruwan sama ya fitar da kashi 1 cikin 10, mai ban ruwa da inji kashi 1 cikin 20. Da masu manyan rumbunan gero da shinkafa da riɗi na garin nan suna fitar da haƙƙin Allah yadda ya kamata, su kai wa kwamitin zakka na masarauta ko su raba da hannunsu, da babu tsohuwar da za ta tsuguna a rana saboda taliya. Ba su fitar ba, sai aka ɗebi kuɗin gidauniya aka toshe ramin da suka bari, har da yi musu godiya a lasifika.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mu ne masu hadisin wakafi, wato a keɓe dukiya don Allah a riƙa sadaka da amfaninta. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara, ya je wurin Manzon Allah (SAW) ya ce bai taɓa mallakar dukiyar da ta kai wannan daraja a wurinsa ba, me za a umarce shi ya yi da ita? Aka ce masa in ya so ya riƙe asalin, ya yi sadaka da amfanin. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Umar ya gindaya sharaɗi: ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Amfanin ya tafi ga talakawa da dangi da 'yanta bayi da matafiyi da baƙo, mai kula da filin kuma ya ci daidai gwargwado ba tare da ya tara wa kansa ba. Ku lura, ba a ce masa ya sayar da filin ya raba kuɗin a ƙofar masallaci ba, kuma Madinar wancan lokacin ba ta rasa mayunwata ba. Bayan ransa 'yarsa Hafsa ya bar wa kulawa da shi. Ku kuwa kwamitinku ko mace ɗaya babu, alhali matan garin nan su ne suke riƙe adashi shekara da shekaru ba a jin kansu.

Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmi, har yau wurin yana nan a Madina da gonar dabino kewaye da shi. Azhar ta Alƙahira ta haura shekara 1,000, ƙarnuka da dama wakafi ne ya ciyar da malamanta da ɗalibanta. Duk wannan ana karanta mana shi a tafsirin azumi, mu ce Allahu Akbar, mu tashi mu kaɗe riga. Maƙwabtanmu Kano ma hukumarsu sunanta Hukumar Zakka da Hubusi (hubusi shi ne wakafi), amma tambayi mutum goma a tasha, rabin farko na sunan kawai suka sani.

Sai ga wani ƙanena ya rubuto mini wai tsarin Turawa nake son kawo wa gari. Allah ya shirye ka, ƙanena. To bari in ba ka na Turawan ka ji. A 1914 wani lauya ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff ya kafa gidauniyar gari a birnin Cleveland na Amurka. Tsarin ba wani mai wuya ba ne: mai yawa da mai kaɗan su zuba a asusu ɗaya na dindindin, a juya kuɗin, ba a taɓa uwar. Abin da irin waɗannan gidauniyoyi suka saba cirewa a shekara kashi 4 zuwa 5 ne cikin 100, wakilan gari su zauna su ga inda buƙata ta fi. Iyali na iya buɗe nasu ɗan asusun a ciki da sunan mahaifinsu, su ce ribarsa ta tafi karatun yara ko jinyar marasa ƙarfi. Goff ya daɗe da mutuwa, gidauniyar tana nan, dukiyarta ta haura dala biliyan 2, ɗaruruwan garuruwa sun kwaikwaya. Kusan shekara 1,300 ke nan bayan filin Umar. Yanzu wa ya kwaikwayi wa?

Kuma kada a kawo mini zancen kuɗin ruwa, ba wanda ya ce a kai banki a jira riba. Ga fadama a bayan gari da masu noman rani suke rububin haya. Ga injin casar shinkafa da matanmu ke tafiya wani gari nema. Ga shanun da za a bayar kiwo a kai Maigatari in sun yi ƙiba. Ga dabino da mutanen Dutse suka nuna mana yana yi a ƙasar nan, wanda ka dasa yau jikokinka su ci. Wanda ya fi son takarda, gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, tun 2017, bankin da ba ya mu'amala da ruwa kuma yana nan tun 2012. Masu cewa darajar naira na zubewa gara a kashe yanzu, ai hujjata kuka kawo. Kuɗin da ke kwance a asusu shi ne yake narkewa. Gona ba ta narkewa, hayar shago kuma bin farashi take yi.

Hayar shagunan nan ba za ta mayar da garinmu Dubai ba, na sani. Amma za ta biya wa marayu kuɗin NECO bana, ta biya baɗi, ta biya bayan mun mutu. Za ta gyara tuƙa-tuƙan kusa da firamare da ya lalace saboda ɗan ƙarfe guda, yara suna ta sintiri da jarka. Za ta zuba mai a motar da za ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ba sai mijinta ya bi gida-gida yana buga ƙofa ba.

Saura masu cewa amana ta yi ƙaranci, za a cinye. Toh, sannunku da tsoron Allah. Yanzu da aka raba, wa ya ga lissafi? Buhu nawa aka sayo, a kan nawa, daga wurin wa? Ban ce wani ya ci ba, tambaya na yi. Kuɗin tsaba da buhunan shinkafa su ne suke ɓacewa tsakanin mota da zaure. Shagon da kowa yake wucewa ta gabansa safe da yamma ba ya shiga aljihun babbar riga. A yi wa gidauniya rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, mutum uku su riƙa sa hannu kafin a fitar da ko kwabo, kowa ya yi wa'adinsa ya sauka, a karanta lissafi a filin idi bayan an sallame, inda ba mai iya cewa bai ji ba. Kuma a rubuta takarda, dagaci da liman da shaidu su sa hannu, a kai kotu a tabbatar. Kun dai san gonar bayan maƙabarta da marigayin nan ya bar wa makarantar allo da fatar baki. 'Ya'yansa sun kiyaye, jikoki suka ce ina takarda. Yau bulo ne a jibge a wurin.

Wallahi ba ƙin kwamiti nake yi ba. Akwai waɗanda suka zuba man motarsu, suka bar harkokinsu, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Allah ya biya su. Amma ni waɗanda nake tunawa su ne 'yan uwanmu masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu tura baro a Legas, da suka matse bakinsu suka turo ɗan abin da ya sawwaƙa saboda an ce musu na gari ne. Gumin nan ya cancanci ya zama sadaka mai gudana, irin wadda hadisi ya ce ladanta ba ya yankewa bayan mutum ya shiga kabari. Mun mayar musu da shi tuwon dare uku. Wata rana za su gaji, za a kira taro a ga kujeru kawai, sai a fara cewa 'yan birni sun manta gida. Kuɗin gidauniya ba na rabo ba ne, jama'a.

Tunda an zo maganar taro, masu alkawari a lasifika fa? Alhajin da aka yi wa kirari har sau uku, maroƙa suka kusa shaƙewa, shekara ta zagayo ko kwabo bai shigo ba, bana kuma aka sake ba shi kujerar gaba da lemon gwangwani mai sanyi, mu aka bar mu da ruwan leda. Ita kanta lasifikar ta bana haya aka ɗauko daga wani gari, domin ta ƙungiya tana gidan wanda ya are ta tun bikin 'yarsa, yarinyar har ta yaye. Malam, ka san kanka. Ka haɗo da batirin da wayar, kada ka aiko yaro da ƙahon kawai.