Mun iya lamba goma, su sun iya takarda

Asabar ɗin da ta wuce, a wani filin sakora da ke Aboabo a Kumasi ta ƙasar Ghana, alƙalin wasa ya hana wani yaro shiga wasan 'yan ƙasa da shekara 15. Sakora shi ne fili marar ciyawa, jar ƙasa fetal, layin gefe da farar hoda, masu koko da ƙosai sun kafa tebur a bayan raga. Kafin a take wasa sai an jera yara, a kira suna, a dubi hoton katin rajista a dubi fuska. Yaron shi ne lamba goman kulob ɗin, amma katinsa bai zo ba. Kocinsa, wani dattijon Zango mai Hausar nan tasu da ba ta raba mace da namiji, ko musu bai yi ba. Wani Bakano mai fataucin goro ya ce a gida da tuni an zura masa rigar wani ya shiga. Dattijon ya ce masa shi ya sa ku kuke kiwo, wasu suna shan nono. Maganar ta yi ciwo.

A sanin ƙwallo dai 'yan Ghana ba su fi mu Kanawa ba, ko kusa. Shiga kowane gidan kallo a Fagge ko Kurna, ƙaramin yaro zai bambance maka lamba huɗu mai tare hanya da lamba takwas mai hawa da sauka. Zai ce maka tsarin 4-3-3 takan yage ne idan biyu da uku, 'yan bayan gefe, suka hau tare, huɗu bai koma tsakanin biyar da shida, 'yan bayan tsakiya, ba. Ya san tarkon satar gida ba ya kamawa sai 'yan baya sun taho a layi ɗaya. Mutum ɗaya ya yi nawa, an zura ta.

Inda suka bar mu shi ne kalmomin kasuwa. A nan Ghana ƙananan kulob na unguwa, waɗanda suke kira kolts, suna yi wa yara rajista tun suna ƙanana, kuma koci ya san abin da katin nan zai haifa. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa duk kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 cikin ɗari na kuɗin cinikin, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. Yi lissafi: an sayar da shi Yuro miliyan 10, kulob ɗin da ya riƙe shi shekaru huɗun farko yana da Yuro dubu ɗari. Kuma duk sanda aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasar, sai an sake biya. Wannan daban yake da kuɗin horarwa, wanda ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre, daban kuma da kason cinikin gaba, wato rabon da kake samu idan wanda ya saya ya sake sayar da shi, wanda sai ka rubuta shi a yarjejeniya ko ka rasa. Har aron ɗan wasa ma iri biyu ne: mai zaɓin saye, da wanda sayen ya zama dole.

Duk wannan a kan rajista ya rataya. Abin da ke ɓata shi a wajenmu sananne ne: ba a yi rajistar ba sam, ko an rubuta Muhammad a nan Mohammed a can, ko an taɓa ranar haihuwa, ko dillali ya ɗauke yaron ya rubuta shi a wata makarantar ƙwallo ta Legas. Tunda ba a fitar da yaro waje kafin ya cika 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan, shekarun nan duk na kulob ɗin da ya yi masa katin ne. Mohammed Kudus ɗan Nima ne a Accra. Daga makarantar ƙwallo ta Right to Dream da ke Ghana ya tafi Nordsjaelland ta Denmark, Ajax a 2020, West Ham a 2023, kowane mataki a rubuce.

Su ma suna da masu rage shekaru, ba waliyyai ba ne. Kuma ba wai mu ba mu fitar da kowa ba: daga Kano Pillars Ahmed Musa ya tafi VVV-Venlo ta Holland a 2010, Pillars ɗin da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009. Amma a nan Kumasi babban filin garin sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, lamba bakwan Asante Kotoko da ya rasu a 1969, kuma filin sakoran unguwa yana nan inda yake, wasu ma an shimfiɗa musu ciyawar roba. A Kano, filaye nawa ne da ake gasar unguwanni bayan la'asar yanzu suka zama jerin shaguna? Ko an buga wa yaran kati gobe, a wane fili za a jera su a duba?