Kafin Guguwar 2027 Ta Kwashe Mu: Nasiha Ga Matasan Bauchi Da Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Duk majalisar da ka zauna a 'yan kwanakin nan, ko a Wunti ce ko Muda Lawal, ko can Gombe wajen Jekadafari da Pantami, zancen bai wuce ɗaya ba: wa zai fito, wa zai sauya sheƙa, wa zai janye wa wa. Muna ƙona data muna lissafin wanda zai ci, amma da wuya ka ji wani ya tambaya ko mutumin ya iya aikin.

Idan wani ya zo neman auren ƙanwarka, kyan babbar rigarsa ba ya ruɗarka. Sai an tura manya unguwarsu, an ji ta bakin maƙwabta, an san sana'arsa. In ya taɓa aure, sai an ji irin riƙon da ya yi wa ta farko. To, waɗanda aka fi ambata a takarar shugaban ƙasa ta 2027 babu saurayi a cikinsu, kowa ya taɓa riƙe gida. Bola Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, kuma yana kan kujerar shugaban ƙasa tun 29 ga Mayu, 2023. Atiku Abubakar ya yi shekara takwas yana mataimakin Obasanjo, shi ne ma ya jagoranci majalisar sayar da kadarorin gwamnati a lokacin. Peter Obi ya mulki Anambra tsakanin 2006 da 2014. Rabi'u Kwankwaso ya yi gwamnan Kano sau biyu, ya kuma riƙe ma'aikatar tsaro. Duk wanda kake so a cikinsu, ko wani da ban ambata ba, ka je ka tono. Ya biya albashi da fansho a kan kari? Nawa ya tarar na bashi, nawa ya bari? Makarantun da ya gina suna da malamai, ko fenti ne kawai? Da aka soke shi a rediyo, amsa ya bayar ko 'yan sanda ya tura? Wannan ta ƙarshen kar ka raina ta, domin wanda bai jure suka yana gwamna ba, ba zai koyi haƙuri a Aso Rock ba.

Sai tambayar da muka kasa yi a 2023, wato "ta yaya?" Manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun faɗa da bakinsu cewa za su cire tallafin man fetur. Ba a ɓoye suka faɗa ba. Muna can muna ihu da tafi, babu wanda ya tsare su ya ce, to bayan an cire me za a yi wa ɗan acaɓa da mai Keke Napep da manomin rani da ke ban ruwa da inji? Ranar rantsuwa aka sanar da cirewar. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Don haka duk wanda ya zo bana ya ce zai sauko da farashin abinci ko ya dawo da darajar naira, a ce masa madalla, daga ina kuɗin za su fito, kuma wa zai ɗauki nauyin?

Mu nan muna da namu tambayoyin da ɗan Legas ko ɗan Fatakwal ba zai yi mana su ba. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta zancen matatar mai da kamfanin taki da tashar lantarki. Ina aka kwana? Madatsar ruwan Kafin Zaki tun zamanin Shagari ake maganarta, waɗanda aka haifa lokacin yanzu wasunsu suna aurar da 'ya'ya. Layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri ciyawa ta cinye shi. A 2024 mun ga yadda lalata turakun lantarki ya bar yankinmu cikin duhu, masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Ɗan takarar da bai ma san da waɗannan ba, me zai zo ya gaya mana a filin taro?

A nan ne wani zai ce ai shi namu ne. Na ji, ba laifi ba ne mutum ya so nasa. Amma tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Buhari ya tara ƙuri'a sama da miliyan 12 a 2011 bai ci ba, sai da aka haɗa APC a 2013 ya kai gaci a 2015. Ma'ana, kowane ɗan takara sai ya ƙulla da wasu, kuma waɗannan wasun su ne ministocin gobe. Ka duba su wa ke zaune a bayansa ranar da ya ayyana takara, su wa ke biyan kuɗin jirgi. Mun yi "sak" a 2015, ɗan Arewa ya yi shekara takwas cur. Kowa ya auna da kansa abin da ya shigo unguwarsu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne mutanenmu sun iya tantancewa in sun ga dama. A 2019 Bauchi ta zaɓi Buhari na APC, ta juya ta ba Bala Mohammed na PDP kujerar gwamna. A 2023 Gombe ta ba Atiku rinjaye, bayan makonni kaɗan ta mayar da Inuwa Yahaya na APC. Wanda ya iya wannan bai kamata a ja shi da taliya da sabulu da dubu biyu a bakin rumfa ba.

Ku kuma sojojin baka na Facebook da TikTok, a yi hattara. Kana zagin sa'an mahaifinka saboda wani da bai san sunanka ba, gobe su biyun su haɗu a ɗaurin aure suna raha, ko ma su koma jam'iyya ɗaya, kai kuma an bar ka da gaba da maƙwabcinka. Na sara-suka da kalare ya fi wannan muni. Mun san yaran da aka ba ƙwaya da adda lokacin kamfen, yau wasu suna gidan yari, wasu suna kabari, iyayen gidan nasu kuwa 'ya'yansu na karatu a Ingila. Bauchi ba ta manta da rikicin bayan zaɓen 2011 ba, inda aka kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima da ba su ji ba ba su gani ba.

A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, kusan miliyan 25 kacal suka fito, wanda ya ci kuma bai kai ƙuri'a miliyan 9 ba. Da yawa daga cikin masu ɗaga murya a majalisa ko katin zaɓen ba su da shi. In ka yi rajista ba ka karɓa ba, ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ba nisa gare shi ba. Ka je da kanka, domin ba a bayar da katin ta hannun ɗan aike.