Me ya sa manomi ke sayarwa da arha, ya dawo ya saya da tsada?

Duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa, sai hukumomi su tashi da bikin rabon taki. A kafa rumfa, a jera buhuna, a ɗauki hoto, a ce an tallafa wa manoma. Da kaka kuwa, lokacin da manomi ya fi buƙatar a tsaya masa, ba ka jin ɗuriyar kowa sai ɗan baranda da ma'auninsa. A ganina nan gizo ke saƙa. Talaucin ƙauye ya fi samun gindin zama a watannin bayan girbi fiye da cikin gona.

Ga yadda abin ke faruwa. Makon da manomi ya kwashe amfaninsa, a makon ne kowa a yankin ya kwashe nasa. Kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi warwas. A daidai lokacin kuma masu bin sa bashi suke sallama a ƙofar gida: wanda ya ba shi taki, wanda ya ranta masa hatsin da iyali suka ci da rumbu ya ƙare, ga kuɗin makaranta, ga mara lafiya a kwance. Dole ya kwance bakin buhu. Bayan 'yan watanni abincin gida ya ƙare, sai ya koma kasuwar ya sayi irin abin da ya sayar, wataƙila ma nasa ne, da tsada. Shi ya yi wahalar noma, ribar jira kuwa ta tafi ga mai kuɗi da ma'aji.

Kuma ba mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Wani bincike na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a 2021 ya nuna cewa a duk gonaki 6 na duniya, 5 ba su kai hekta 2 ba, amma su ke samar da kusan kashi 35 cikin 100 na abincin da ake ci. Hukumar ta kuma ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abinci yana salwanta tsakanin girbi da isa hannun mai sayarwa. Ƙwari su ci, ɓeraye su ci, danshi ya ruɓar da saura. Manomin da ya san wakensa zai koma gari cikin 'yan watanni ba shi da dalilin jiran farashi ya tashi.

Ba raina taki nake yi ba. Ƙasar da ta gaji tana buƙatarsa, kuma Malawi ta ga ƙaruwar masara bayan shirin tallafin da gwamnatin Bingu wa Mutharika ta fara a 2005, duk da cewa shirin ya riƙa lashe kaso mai tsoka na kasafin noma. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, suka sabunta shi a Malabo a 2014, amma ƙasashe ƙalilan suka cika. Ɗan abin da ake warewa kuma sai ya tafi ga abin da ake iya ɗauka a hoto. Idan aka ƙara wa manomi yabanya ba tare da hanyar adanawa ba, an ƙara cika kasuwar kaka ne kawai, farashin ya ƙara faɗuwa a kansa.

Abin takaicin shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi da tsada. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Afirka, sun samar da buhun PICS mai ruɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba hatsi busasshe, a ɗaure kowace leda tam, ƙwarin ciki su shanye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an barbaɗa wata guba ba. Tun 2007 ake yaɗa shi a yammaci da tsakiyar Afirka.

Sai dai buhu ba ya biyan bashi. Wanda ake bi kuɗi yau, ko da rumbun ƙarfe gare shi, zai sayar. Shi ya sa tsarin jinginar da hatsi, wanda FAO ta taimaka aka yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, ya fi burge ni. Manoma su tara amfaninsu a ma'aji ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun masu ba da rance. A ba su rance gwargwadon abin da suka ajiye, su kashe gobarar gida, wasu su yi kiwo ko noman rani da shi. In farashi ya tashi a buɗe, a biya bashi, saura nasu. A yammacin Kenya ma masana tattalin arziki sun gwada ba manoman masara rance da kaka tare da ƙungiyar One Acre Fund mai tallafa wa ƙananan manoma, suka ga masu rancen sun jinkirta sayarwa kuma sun ƙaru. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, a inda masu rancen suka yi yawa, farashin kaka ya ɗaga, har waɗanda ba su karɓi komai ba suka amfana.

Za a ce ai ɗan baranda ba azzalumi ba ne, kuma da gaskiya a ciki. Shi ke da mota, shi ke zuwa da kuɗi a hannu, shi ke kwana a hanyar da ta lalace. Wata shekarar ma farashi ba ya tashi, musamman in gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba zato, kuma wanda ya ajiye shi zai kwan ciki. Matsalar ita ce a ƙauyen da mota ɗaya ke shiga a mako, mai motar ne ke yanka farashi. Wayar salula ta rage wannan duhun kai. Binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker a Nijar ya nuna bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu bayan shigowarta. Amma sanin farashin birni bai amfani wanda gada ta karye tsakaninsa da birnin ba. Inda kuma 'yan bindiga suka hana zuwa gona, duk wannan lissafi ya rushe tun daga tushe.

Masu kiwon shanu na Anand a jihar Gujarat ta Indiya sun kafa ƙungiyar gama-kai a 1946 don kuɓuta daga masu sayen madararsu a wulaƙance. Ita ce ta zama Amul, babbar ƙungiyar madara ta Indiya, kuma a kan tsarinta injiniya Verghese Kurien ya gina shirin da ya kai Indiya ga zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara. Sirrin ba wani abu ba ne illa a auna madarar da mace ta kawo a gabanta, a gwada maiƙonta, a biya ta ba ja-in-ja. Ƙungiyoyin manoma da yawa a nan suke faɗuwa: a kafa su ana gobe rabon tallafi, shugaba ya zama ɗan koren wani ɗan siyasa, littafin lissafi ya ɓace. Gwamnatin da ke son taimakawa sai ta rage kuɗin rumfar biki ta gina ma'aji, ta gyara hanyar da ke kaiwa gare shi, ta tsaya wa bankuna su karɓi hatsi a matsayin jingina, sannan ta horar da wanda zai riƙe littafin, manoman da kansu su zaɓe shi.